Nazarin Lamari: Wani Badukun Damagaram da Tallafin da Aka Auna da Jikinsa

Asali: mutumin da gidansa kafin Nuwamba 2021

Mutumin da wannan nazari ya shafa baduku ne a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram inda fadar Sarki take, kuma an sakaya sunansa da na iyalinsa domin rufin asirinsu. Lokacin da abin ya same shi yana da shekara 38, da mace ɗaya da ƴaƴa biyar, ga kuma mahaifiyarsa tsohuwa a hannunsa. Dukanci gadon gidansu ne. Ya tashi yana riƙe wa mahaifinsa fata har ya gwanance a ɗinkin takalma da jakunkuna da kube da kayan doki. Yakan sayi jemammiyar fata wajen majema, ya yi aiki a zauren gida, ya kai kaya kasuwar Dole, wani lokaci ya leƙa kasuwar Mirya, sannan akwai ƴan kasuwa daga Daura da Kano da suke zuwa sari wurinsa. Ciniki yakan tashi gab da sallah, lokacin da masu dawaki ke gyara kayan hawa, ya kuma kwanta a tsakiyar damina. Abin da yake samu yana ciyar da gidan ba bashi, amma ajiyarsa ba ta wuce awaki huɗu da tarin fatun da ke zaure ba. Matarsa tana suyar ƙuli-ƙuli da tatsar man gyaɗa a cikin gida.

Ya kamata a san yadda gidan yake, domin yawancin abin da ya biyo baya a kansa ya rataya. Ginin ƙasa ne irin na dā, a cikin lungu mai yashi da duwatsu. Dokin ƙofar zaure yana da tsayin santimita 18, ƙofar da ke shiga cikin gida daga zaure faɗinta santimita 62 ne, tsakar gida yashi ce, masai kuwa rami ne daidai da ƙasa wanda ba ya shiguwa sai da tsugunno. Babu famfo a gidan. Ruwa sai an saya wajen ƴan ga-ruwa ko yara sun ɗebo, kuma duk wanda ya zauna Damagaram ya san yadda ruwa ke wuya da bazara.

Nuwamba 2021 zuwa Janairu 2022: hatsari da jinya

A Nuwamba 2021 yana dawowa daga Mirya a bayan ɗan kabu-kabu da almuru, babur ɗin ya ci karo da amalanke, ya faɗi ta baya. Waɗanda suka kai masa agaji suka ɗauke shi a lanƙwashe suka sa a mota, abin da ba a so a yi wa wanda ake zaton ƙashin bayansa ya taɓu, amma ba wanda ya san haka a wurin. Gida aka fara kai shi, aka kira maɗori, aka yi masa rubutu da tofi. Da fitsari ya ƙi fita, mara ta kumbura, sai aka kai shi asibiti a rana ta biyu. Hoto ya nuna karaya a ƙashin baya da ta taɓa laka. Daga cibiya zuwa ƙasa ba ya jin komai, ƙafafu ba sa motsi, kuma ba ya iya riƙe fitsari da bayan gida. Hannuwansa da ƙirjinsa da idonsa da hankalinsa kuwa lafiyarsu lau.

Ya yi mako bakwai a kwance. Awakin suka tafi a kuɗin magani da hoto, fatun zaure suka bi bayansu, aka kuma ci bashi a kantin magani. A Janairu 2022 aka sallame shi da robar fitsari da takardar magani. An yi bayanin yadda za a riƙa juya shi a shimfiɗa, amma ƙaninsa aka yi wa a tsaye cikin ƴan mintoci, alhali matar da za ta yi jinyar dare da rana ba ta wurin a lokacin.

Afrilu zuwa Disamba 2022: tallafi uku da aka gwada

Tallafin farko keken guragu ne. A azumin 2022, wato watan Afrilu, wata ƙungiyar agaji ta raba kekuna a garin, mai unguwa kuma ya sa sunansa a jerin. Kekunan duk girma ɗaya ne, irin na naɗewa da ake tura marasa lafiya da su a kan daɓen asibiti, da mazaunin leda da siraran tayoyi da ƙananan ƙafafun gaba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan samar da keken guragu a ƙasashe masu ƙarancin hali, inda ta shimfiɗa matakai takwas, daga tura mutum wurin masu aikin, da auna jikinsa da yanayin zamansa, da zaɓar masa irin keken da ya dace, har zuwa daidaita shi a jikinsa, da koya masa amfani da shi, da bibiyarsa daga baya. A wannan rabo miƙawa kawai aka yi. Faɗin keken santimita 66 ne, saboda haka bai shiga ƙofar cikin gida ba, kuma ko an ciccibo shi an ƙetare dokin ƙofa, ƙafafun gaba nutsewa suke a yashin lungu. Keken ya zama kujerar zaure. Da safe matarsa da ƙaninsa su ɗauko shi su ɗora, ya wuni a zaune cikin zafin bazara da ke haura digiri 40, ba matashi a ƙarƙashinsa, ga gumi, ga ɗigon fitsari. Da yake ba ya jin zafi a wurin, jikinsa bai gaya masa ya gyara zama ba. A Yuni matarsa ta ga fata ta canza launi a mazauninsa na dama, kafin wata ya ƙare wurin ya fashe.

Na biyu kuɗi ne, jaka 20 ta sefa a wata daga Yuli zuwa Satumba, cikin wani shiri na taimaka wa gidaje masu rauni lokacin da hatsi ke tsada. An rage bashin magani da su, an sayi gero. Sun riƙe gidan wata uku, suka ƙare.

Na uku horon ɗinki ne, wanda aka fara a Oktoba. Wani shiri ya ɗauki naƙasassu domin koya musu sana'a na wata uku, tare da alkawarin keken ɗinki ga kowa. Ba wanda ya tambaye shi ko yana da sana'a, shi kuma bai faɗa ba, domin yana tsoron kada a ce bai cancanta ba a cire sunansa. Wurin horon yana can wani gefen gari, yana da matakala uku a bakin ƙofa, kuma babu makewayin da zai iya shiga. Kowace tafiya sai an biya adaidaita, an kuma nemi mutum biyu su ɗaga shi. Kekunan ɗinkin na ƙafa ne. Sauran ɗaliban, waɗanda yawancinsu kurame ne ko masu shan inna a ƙafa ɗaya, sun amfana da su sosai, shi kuwa sai kallo. Bayan mako biyar ya daina zuwa, aka rubuta shi cikin waɗanda suka bar horo. Da mai unguwa ya sa baki an ba shi keken ɗinkin, aka jingine shi a ɗaki aka rufe da zane.

A wannan shekara Sarkin guragu ya zo gidan da kansa, ya jajanta, ya kawo masa wani abu daga sadakar da suka samu, ya kuma yi masa tayin fita tare da su ranar Juma'a. Ya yi godiya bai karɓi tayin ba. Ko me za a ce game da bara, wannan tsari na gargajiya shi ne ya daɗe yana riƙe da naƙasassu a garuruwan Hausa, kuma cikin duk masu taimakon shekarar shi kaɗai ne ya tako ya ga ɗakin da mutumin yake kwana.

Zuwa ƙarshen 2022 matarsa ta bar suyar ƙuli-ƙuli saboda jinya, ga ciwon baya da ɗaukarsa ya jawo mata. Babbar ƴarsu mai shekara 12 ba ta koma makaranta ba da aka buɗe a Oktoba, domin wankin shimfiɗa kullum yana cin ruwa, ruwan kuma ita ke ɗebowa.

Janairu zuwa Fabrairu 2023: komawa asibiti

A Janairu 2023 zazzaɓi mai zafi ya kama shi, aka mayar da shi asibiti. Mikin ya zama gyambo mai zurfi, faɗinsa kusan santimita 6, kuma gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta a mafitsara. An yanke matacciyar tsoka, aka ɗora shi a kan allurai da wankin ciwo, ya yi mako biyar.

A wannan kwanciya ce wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta lura da shi. Ita ce ta fara gaya wa iyalin cewa tun 1996 akwai dokar da ta yafe wa naƙasassu kuɗin ganin likita da na kwanciya a asibitocin ƙasa, ta kuma bi musu takardun shaidar da ake nema. Magani da bandeji dai sun ci gaba da saya. Ta kuma haɗa shi da wani ɗan ƙungiyar naƙasassu ta garin, mai gyaran rediyo, wanda shi ma lakarsa ta taɓu shekaru da dama da suka wuce. Wannan mutum ya shigo ɗakin a kan kekensa, ya nuna masa yadda yake sauka ya hau gado da ƙarfin hannu, abin da badukun bai taɓa ganin irinsa ya yi ba tun da ya faɗi.

Maris 2023: ziyarar gida da takarda guda

Mako ɗaya bayan sallama, ma'aikaciyar da mai gyaran rediyon da wani mai gashin ƙashi suka je gidan da igiyar awo. Suka auna ƙofofi da dokin ƙofa da tsayin gado, suka duba masai, suka tura keken a lungu suka ga inda yake cijewa. Sannan ma'aikaciyar ta zauna ta tambaye shi: "Malam, cikin duk abin da ake yi maka, wanne ka fi so ka yi da kanka?" Ya ce: "Hajiya, in kewaya ba a ɗauke ni ba, sannan in koma zaure in riƙe basillata." Ranar ce masu taimako suka fara sanin cewa baduku ne.

Ta kuma keɓe da matar a ɗaki, ba a gaban miji ko suruka ba. A nan ta ji zancen ciwon baya, da rashin barci, da takaicin zaman yarinya a gida. A nan kuma wani abu ya fito da ba ya cikin kowace takardar asibiti: maigidan ya daɗe yana rage shan ruwa da gangan, domin yana ganin ɗigon fitsari yana ɓata masa alwala, sallarsa kuma ba ta karɓuwa, har yakan kwana yana kuka a kan haka. Ƙarancin shan ruwan yana cikin abin da ke maido masa da ciwon mafitsara. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan yoyo ba za a taɓa gano shi daga ofis ba.

Kafin su tashi aka rubuta shiri a takarda guda, da Hausa, aka karanta masa ya gyara. An jera abubuwan bi da bi, kowanne da wanda zai yi shi da lokacin da za a duba. Warkar da gyambo ce ta zo farko, sai makewayi, sai ƙofa, sai sana'a, sai fita waje. Shi ya so a fara da sana'a, mai gashin ƙashin ya ce zama haramun ne gare shi har ciwo ya rufe, aka yi ta ja, daga ƙarshe aka daidaita a kan cewa zai yi aiki amma a kwance rub da ciki. Ma'aikaciyar ta ɗauki nauyin zama mutum ɗaya da iyalin za su kira a kan komai, ta yi alkawarin zuwa duk bayan mako biyu.

Maris zuwa Yuni 2023: aiwatarwa

Wata uku da rabi bai zauna a kan mazauninsa ba. An koya wa matarsa da ƙaninsa, wannan karo a ɗakin da kan gadon da yake kwana, yadda za a juya shi duk bayan awa biyu, da yadda za a sa matasai don kada ƙashi ya danne fata, da wankin ciwo da hannu mai tsabta. Shi kuma aka ba shi ƙaramin madubi ya riƙa duba bayansa safe da yamma. An ƙara wake da ƙuli-ƙuli da ƙwai a abincinsa gwargwadon hali, domin tsoka ba ta cikowa da kunu kaɗai. Mai gyaran rediyon ya je wurin limamin unguwa ya yi masa bayani, limamin ya zo ya gaya wa majinyacin cewa shari'a ta yi rangwame ga mai yoyon fitsarin da ba ya iya riƙewa, sallarsa ingantacciya ce ko a zaune ko a kwance. Daga ranar ya koma shan ruwa yadda aka umarce shi.

Kafinta ya yi masa ɗan tebur gajere da ake sawa a gaban gado, ya zama yana kifa ciki da matashi a ƙirji, hannuwansa a sake. Da jarin fata na jaka 25 da ƴan'uwansa dukawa suka haɗa masa ya fara ƙananan kaya, irin su jakar kuɗi da gidan laya da gidan waya. Wannan aiki bai kawo kuɗi mai yawa ba, amma shi ya sa ya jure kwanciyar, domin kafin nan sau biyu yana roƙon a ɗora shi a keke ya ga mutane.

Mai walda ya yi kujerar ƙarfe mai huda a tsakiya da mariƙi a gefe, aka naɗe mazauninta da soso da leda, aka ɗora a kan masai, kuɗinta jaka 12. Magini ya faɗaɗa ƙofar cikin gida zuwa santimita 85, ya zuba siririyar hanyar siminti daga ɗaki zuwa makewayi zuwa zaure, ya kuma yi gangare a dokin ƙofa. Ƙa'idar gangare ita ce kowane santimita ɗaya na tsayi a ba shi 12 na tsawo, saboda haka tudun santimita 18 ya ci sama da mita biyu, sai da maƙwabci ya yarda aka ɗan shiga gaban gidansa. Aikin ginin ya ci jaka 48, wanda ƙungiyar naƙasassu ta biya kashi biyu, dangi suka biya kashi ɗaya. A cibiyar gyaran gaɓoɓi da ke babban asibitin ƙasa na Zinder, wato Damagaram, aka auna shi, aka sa wa tsohon keken katako a mazauni don kada ya lotsa, aka yanka masa matashin soso mai kauri daidai ƙugunsa, aka kuma koya masa hawa da sauka da ɗan allo.

Keken ɗinkin da ke rufe da zane shi ma ya samu aiki. Mai gyara ya sa masa mariƙin juyawa da hannu, matar ta koyi ɗinka shafin cikin jakunkuna da shi. Ta kuma shiga ƙungiyar adashen mata ta unguwa, irin tsarin Mata Masu Dubara da aka faro a jihar Maradi a 1991, inda ta ɗauki rancen da ta tayar da suyar ƙuli-ƙuli.

A tsakiyar Yuni gyambon ya rufe. Ya fara zama na minti 20 sau biyu a rana, ana ƙarawa a hankali, yana ɗaga jikinsa da hannu ko ya karkata gefe duk bayan kwata ko rabin awa. Babbar sallar 2023, a ƙarshen Yuni, a zaure ta same shi, kuma ya kewaya da kansa.

Yuli 2023 zuwa Maris 2024: rufe iyaka

Shirin ya ɗauka cewa masu sari daga Daura da Kano za su dawo da zarar ya koma aiki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO (ECOWAS), ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya, aka yanke wutar da ke zuwa daga can, kayan masarufi da magunguna suka yi tsada. Masu sarin ba su zo ba. Robar fitsarin da ya kamata a canza a kan lokaci sai da ta wuce wa'adinta, ya yi zazzaɓi na ƴan kwanaki a Satumba, aka yi maganinsa a gida da umarnin likita.

A Oktoba aka sake zama a kan takardar. Aka ɗage sayen keken hannu na fita waje zuwa gaba, aka juya kuɗin zuwa kayan fitsari na wata huɗu. Shi da kansa ya kawo shawarar ya koma gyaran tsofaffin kayan doki da takalman ƴan gari, aikin da ba ya cin fata da yawa kuma ba ya jiran baƙo. Wani ɗan ƙanwarsa ya riƙa ɗaukar hoton jakunkuna yana turawa ta WhatsApp ga masu shaguna a Yamai, ana aika kayan ta motar fasinja. A wannan wata ne yarinyar ta koma makaranta, ta maimaita ajin da ta bari, domin wanki ya ragu, cinikin ƙuli-ƙuli kuma yana iya biyan ɗan ga-ruwa. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, iyaka ta buɗe a Maris, amma faɗuwar darajar naira ta sa kayan da aka yi wa kuɗi da sefa sun yi wa ƴan kasuwar Najeriya tsada, kaɗan ne daga cikinsu suka dawo.

Afrilu zuwa Disamba 2024: keken hannu da damina

A Afrilu 2024 aka ƙera masa keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, irin wanda masu walda ke yi a garin, amma an auna tsawon hannunsa da faɗin ƙugunsa, an sa tayoyi masu kauri saboda yashi, an bar wurin matashinsa da akwatin kaya a baya. Ya biya kashi ɗaya cikin uku daga cinikinsa. Da shi ya koma zuwa wajen majema yana zaɓar fata da hannunsa, abin da ya ce ya fi komai gyara masa aiki, domin ɗan aike ba ya bambance fatar da ta jemu da wadda aka gaggauta. Tsohon keken ya zama na cikin gida.

Daminar 2024 ta yi ɓarna a Damagaram, har tsohon masallacin Birni na ginin ƙasa ya rushe a farkon Satumba. Katangar gidansu ta faɗi ta gefe ɗaya, ruwa ya zaizaye ƙarƙashin gangaren, suka yi mako uku a gidan dangi inda yake kwana a tabarma. A rana ta biyar madubi ya nuna masa tabo a tsohon wurin. Ya kira ma'aikaciyar, aka kawo masa katifarsa, ya bar zama kwana goma, tabon ya baje bai fashe ba.

Halin da ake ciki a farkon 2025

Tun Fabrairu 2023 ba a sake kwantar da shi a asibiti ba. Yana hawa da sauka da kewayawa da kansa, sai wanka da yake neman a miƙa masa ruwa. Yana aiki awa biyar zuwa shida a rana, a rarrabe, da almajiran sana'a biyu da suke yi masa yankan manyan fatu a ƙasa. A ƙiyasinsa abin da yake samu ya kai kashi biyu cikin uku na dā. Bashin kantin magani ya ragu bai ƙare ba. Ciwon bayan matarsa ya yi sauƙi, yarinyar tana makaranta. Sallar Juma'a a sahun waje yake yi, a kan kekensa, saboda matakalar masallaci. A ƙarshen 2024 an yi wa ma'aikaciyar canjin wurin aiki, kuma ba a damƙa lamarinsa a hannun kowa ba.

Abin da nazarin ya nuna

Waɗanda suka ba da keke da kuɗi da horo a 2022 sun yi da kyakkyawar niyya, kuma ba kayan banza suka bayar ba, tunda keken da keken ɗinkin duk sun yi amfani daga baya. Inda aka kuskure shi ne an sa shi a jeri ɗaya da duk wanda ake kira gurgu, aka ba shi abin da aka tanadar wa jerin. Mai shan inna yana jin mazauninsa, yana gyara zama ba tare da ya sani ba, mai ciwon laka kuwa ba ya ji, saboda haka keken da ya zama alheri ga na farko shi ya kai na biyu asibiti. Kowane shiri ya cika alƙalumansa na rabo, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin komawa ya ga abin da rabon ya haifar.

Abin da ya yi aiki a 2023 bai fi na baya tsada ba. Kujerar masai da ginin ƙofa da matashi da jarin fata, in an haɗa su, da wuya su kai kuɗin keken ɗinki da horon wata uku. Bambancin yana ga cewa an shiga gidan an auna, an tambayi mai abin, an tambayi matarsa a keɓe, an jera matakai yadda wani ba zai rushe wani ba, an kuma bar shirin a buɗe don a gyara shi da iyaka ta rufe. A ganina zuwan mai gyaran rediyon ya kai kowane kayan aiki nauyi, domin maganar da likita ya faɗa ba ta shiga ba sai da ta fito daga bakin wanda yake zaune a kan irin matashin. Haka zancen alwala: da an bar shi a matsayin abin da bai shafi aikin jin daɗin jama'a ba, da ciwon mafitsara ya ci gaba da dawowa.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Nijar tana da dokar kare naƙasassu tun 1993, wadda ta keɓe musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a manyan ma'aikatu, ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙinsu a Yuni 2008, ta kuma yi sabuwar doka a Disamba 2019. Sashe na 20 na yarjejeniyar ya ce a sauƙaƙa wa mutum zirga-zirga ta hanyar da ya zaɓa, a lokacin da ya zaɓa, da kuɗin da zai iya. Ƙidayar 2012 ta nuna naƙasassu sun kai kashi 4.2 cikin 100 na al'ummar ƙasar, sama da mutum 700,000, kuma ba za a ce kowannensu a ba shi ma'aikaciya mai zuwa duk mako biyu ba. Amma ana iya wajabta abu uku a kan duk mai rabon kaya: kada a miƙa keke sai an auna mutum da ƙofarsa, kada a sa kowa horon sana'a sai an tambaye shi abin da ya iya, kuma a koma gidan bayan wata ɗaya. Ƙungiyoyin naƙasassu na gari suna da mutanen da za su iya wannan aiki in an horar da su an biya su.

Raunin wannan nasara shi ne ta tsaya a kan mace ɗaya da ta ɗauki abin da zuciya, ba a kan tsarin da zai ci gaba bayan tafiyarta ba. Matashin soson da aka yanka masa a 2023 ya fara lotsawa, gangaren yana buƙatar gyara kafin damina, kuma takardar shirin, wadda ita kaɗai ce ta tattara tarihin lamarin, tana hannun iyalin, babu kwafinta a wani ofishi.